Hukuncin Tafiyar Shaƙatawa da Kwana a Tanti a Tsibiran Teku

Tambaya:

Mu ɗalibai ne 'yan Najeriya da muke karatu a Kuala Lumpur, ƙasar Malesiya. Mu shida, dukkanmu maza, mun shirya idan an yi hutu za mu tafi tsibiran Perhentian, mu kafa tanti a wani lungu na bakin teku da ba kowa, mu kwana uku, da rana kuma muna yawo a kwalekwale daga wannan tsibiri zuwa wancan. Shin wannan tafiya ta halatta? Yaya za mu yi da alwala da salla, tunda ruwan shan da za mu ɗauka kaɗan ne? Za mu yi ƙasaru? Kuma akwai 'yan'uwa mata biyu 'yan ajinmu da suke son su bi mu. Allah Ya ƙara wa Malam lafiya.

Amsa:

Dukkan yabo ya tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa. Bayan haka:

Asalin tafiya don hutawa da kallon halittar Allah halal ce, kuma idan aka haɗa ta da niyyar yin tunani a kan ikon Allah da sabunta ƙarfi don komawa karatu, ana fatan lada a cikinta. Shari'a ta yi muku sauƙi a wurare da dama a irin wannan tafiya, sai dai sauƙin yana da iyaka, kuma babu inda ya kai ga barin salla ko fitar da ita daga lokacinta. Ga bayanin daki-daki.

Na farko: sharaɗin halaccin tafiyar

Malamai sun halatta hawa teku idan abin da ya fi rinjaye shi ne za a tsira. Idan aka hau a lokacin da teku take tumbatsa, halaka ta fi kusa, to haramun ne, domin Allah Ya hana mutum jefa kansa cikin halaka a aya ta 195 ta Suratul Baƙara. Tsibiran da kuka ambata suna jihar Terengganu, a gabashin ƙasar, ana shiga jirginsu daga garin Kuala Besut. Daga wajen Nuwamba zuwa Fabrairu iskar damina tana tayar da tekun wannan yanki, har yawancin masaukai su rufe. Kada ku tafi a wannan lokaci. Wanda bai iya iyo ba ya sa rigar da take hana nutsewa, kuma idan matuƙin kwalekwale ya ce yau ba a fita, ku bi maganarsa.

Ku sanar da iyayenku. Malaman Malikiyya sun ambata cewa iyaye suna da haƙƙin hana ɗansu tafiyar teku ko tafiya mai haɗari matuƙar ba farilla ce a kansa ba. Haka nan kuɗin da aka aiko don makaranta amana ne, ba a karkatar da shi zuwa yawo sai da yardar mai shi.

Na biyu: tsarki

Wannan tambaya taku an riga an yi wa Annabi (S.A.W) irinta. Imam Malik a cikin Muwaɗɗa da ma'abuta Sunan sun ruwaito daga Abu Huraira (R.A) cewa wani mutum ya ce suna hawa teku da ruwa ɗan kaɗan, idan sun yi alwala da shi za su ji ƙishirwa, ko za su iya alwala da ruwan teku? Sai Annabi (S.A.W) ya bayyana masa cewa ruwan teku mai tsarkakewa ne, kuma mushensa halal ne.

Saboda haka ku ajiye ruwan daɗinku don sha da girki, ku yi alwala da wanka da wanke najasa da ruwan teku. Gishirinsa ba ya hana komai, domin da shi aka halicce shi. Daga nan za ku gane cewa taimama ba ta inganta ga lafiyayyen da yake zaune a bakin teku, domin sharaɗinta rashin ruwa ne ko rashin ikon amfani da shi. Mutane da yawa suna kuskure a nan: gorarsu ta ƙare, sai su bugi rairayi su yi taimama alhali teku tana gabansu. Wannan salla sai an sake ta. Wanda aka yi wa rangwame shi ne mai rauni ko ciwon da ruwan zai ƙara masa, ko wanda isa ga ruwan yake da haɗari a gare shi, kamar wurin duwatsu masu santsi cikin dare.

Wanda ya wayi gari da janaba zai iya shiga teku ya yi wanka. A mazhabar Malikiyya dole ne ya yi niyya, ya game jikinsa da ruwa, ya cuɗa da hannunsa, ya tsefe gashinsa ruwa ya shiga. Iyo kawai ba tare da niyya ba ba ya ɗauke janaba, ba ya kuma zama alwala, ko da mutum ya wuni a cikin ruwa. Man da ake shafawa don kariya daga rana, idan ya yi kauri a kan fata har yana hana ruwa taɓa ta, sai an goge shi kafin alwala. Idan fata ta shanye shi, babu komai.

Wajen biyan buƙata ku yi nisa da idon mutane, kada ku fuskanci alƙibla ko ku ba ta baya a fili in babu abin da ya kare. Annabi (S.A.W) ya yi gargaɗi mai tsanani a kan yin bayan gida a hanyar mutane da inuwar da suke hutawa, kamar yadda Muslim ya ruwaito. Ku tona rami nesa da inda ake zama da inda ake wanka, ku binne.

Na uku: ƙasaru da haɗa salloli

Nisan da ake ƙasaru a cikinsa a wurin Malik da Shafi'i da Ahmad buridi huɗu ne, wato mil 48, kimanin kilomita 80 da 'yan kai. Tsakanin Kuala Lumpur da Kuala Besut ya haura kilomita 400, don haka ku matafiya ne. Za ku fara ƙasaru bayan kun wuce gidajen garinku, ku sallaci Azahar da La'asar da Isha raka'a bibbiyu. Magariba da Asuba ba a rage su.

Game da manufar tafiya, Hanafiyya suna ganin ƙasaru a kowace irin tafiya. Sauran mazhabobi sun hana ta ga wanda ya fita don saɓon Allah, Malikiyya kuma sun karhanta ta ga wanda tafiyarsa wargi ce tsantsa, suka ba da misali da mai farauta don nishaɗi kawai. Tafiyar hutu mai tsabta wadda ɗalibi yake yi don ya sarara tana cikin tafiye-tafiyen halal, kuma mafi yawan malamai suna ganin ƙasaru a cikinta.

Abin da zai yanke muku ƙasaru shi ne niyyar zaman kwana huɗu cikakku a wuri ɗaya. Tunda kwana uku za ku yi, kuna nan a matsayin matafiya har ku koma. Amma da za ku yi niyyar mako guda a sansani ɗaya, to daga isarku za ku cika salla, kuma yawon da kuke yi tsakanin tsibirai ba zai mayar da ku matafiya ba, domin tazararsu ba ta kai nisan ƙasaru ba. Sai ranar da kuka kama hanyar komawa za ku sake yin ƙasaru. Idan kuka bi liman mazaunin gari, ku cika tare da shi.

Haɗa Azahar da La'asar, ko Magariba da Isha, mashhurin mazhabar Malikiyya shi ne rangwame ne ga matafiyin tudu ban da na ruwa. Shafi'iyya, waɗanda su ne mazhabar mutanen Malesiya, sun halatta shi a tudu da ruwa a tafiyar ƙasaru, don haka kada ku yi inkari idan kun ga abokanku 'yan ƙasar suna yi. Shawarata: idan kuna zaune a tanti ku yi kowace salla a lokacinta, domin babu wahalar da take sa a haɗa. Ranar da kuka tabbata lokaci zai fita kuna cikin ruwa, babu laifi ku haɗa kafin ku tashi.

Na huɗu: salla a kwalekwale, alƙibla da lokaci

Wanda salla ta riske shi a jirgin ruwa, idan zai sauka kafin lokaci ya fita, kuma ba zai iya tsayuwa da ruku'u da sujada a ciki ba, sai ya jira ya sauka. Yawancin zirga-zirgarku ba ta kai awa guda ba, saboda haka wannan shi ne hukuncinku a mafi yawan lokuta. Idan jirgin babba ne, sai ya yi salla a tsaye yana fuskantar alƙibla, in jirgin ya juya shi ma ya juya. Idan lokaci zai fita kuma tsayuwa za ta jefa shi cikin ruwa, ya yi a zaune gwargwadon ikonsa, kada ya bar ta.

Ku kiyaye da alƙibla. Mu a ƙasar Hausa mun saba da fuskantar gabas, har kalmar gabas ta zame mana sunan alƙibla. A Malesiya Makka tana yamma da ku ne, da ɗan karkata zuwa arewa, kimanin digiri 292 a kan kamfas. Idan babu kamfas, ku dubi inda rana take faɗuwa. A watannin Maris da Satumba tana faɗuwa daidai yamma, sai ku karkata kaɗan zuwa dama. A Yuni da Yuli mafaɗarta tana dab da alƙiblar kanta. Ku sa alama da sanda tun ranar farko. Wanda ya yi iya ƙoƙarinsa sannan ya gano ya karkace kaɗan, sallarsa ta yi.

Ku sauke jadawalin lokutan salla na wannan yanki kafin ku bar gari, domin waya tana iya mutuwa ko ta rasa sabis. Ɗayanku ya riƙa kiran salla da ƙarfi. Buhari ya ruwaito daga Abu Sa'id Al-Khudri (R.A) cewa duk abin da ya ji muryar ladan a daji zai yi masa shaida ranar Alƙiyama. Rairayin bakin teku mai tsarki ne, ana salla a kansa ko babu darduma.

Juma'a ba ta wajaba a kan matafiyi, kuma ba za ku tsayar da ita a tanti ba, Azahar za ku yi. Akwai ƙauyen masunta da masallaci a ƙaramin tsibirin da ake kira Perhentian Kecil. In kun samu zuwa can ya fi, kuma ta isar muku. Kada ku fara tafiya daga garinku ranar Juma'a bayan zawali sai kun sallace ta.

Na biyar: sutura, da maganar mata

Al'aurar namiji daga cibiya zuwa gwiwa ce, a ruwa ko a tudu. Ku nemi wandon iyo mai rufe wannan, wanda ba ya bayyana fata idan ya jiƙe. In za ku yi salla ku sa riga, domin Annabi (S.A.W) ya hana mutum salla babu komai a kafaɗarsa. Wasu gaɓoɓin tsibiran cike suke da 'yan yawon buɗe ido da tsiraici da giya. Ku zaɓi wurin da babu wannan, inda kuka ratsa ta cikinsa ku runtse ido kamar yadda aya ta 30 ta Suratun Nur ta yi umarni, kuma kada ku zauna a teburin da ake shan giya.

'Yan'uwa matan nan biyu bai halatta su bi ku ba, matuƙar babu miji ko muharrami tare da kowace ɗaya. Buhari da Muslim sun ruwaito daga Ibn Abbas (R.A) hanin mace ta yi tafiya ba muharrami, har Annabi (S.A.W) ya umarci wani sahabi da aka rubuta sunansa cikin mayaƙa ya koma ya raka matarsa aikin Hajji. Rangwamen da Malik da Shafi'i suka yi na amintacciyar tawaga, don Hajjin farilla ne. Kwana a wurin da ba kowa ya fi kowace tafiya buƙatar wannan sharaɗi, kuma zama 'yan aji ɗaya ba ya mayar da ku muharramai. Ku gaya musu da lafazi mai daɗi. Idan mace ta je da mijinta ko ɗan'uwanta, ta samu wurin da maza ba sa ganinta, babu laifi ta shiga ruwa da sutura mai rufe jiki.

Na shida: abinci da ladubban sansani

Abincin teku halal ne da nassin aya ta 96 ta Suratul Ma'ida. A wurin Malikiyya wannan ya haɗa kifi da jatan lande da ƙaguwa da sauransu, ba sai an yanka ba. Hanafiyya sun taƙaita a kan kifi. Abin da yake da guba ko ya ruɓe haramun ne saboda cutarwarsa, don haka kada ku ci kifin da ba ku sani ba sai kun tambayi masunta. Ku sani kuma hukuma ta keɓe ruwan waɗannan tsibirai, ta hana kamun kifi kusa da gaɓa da cire murjani da taɓa kunkurun teku da ƙwansa. Bin wannan doka wajibi ne a kanku, domin maslaha ce ta jama'a, kuma da alkawarin kiyaye dokar ƙasar kuka shiga cikinta.

Ku naɗa ɗayanku shugaban tafiya, kamar yadda ya zo a hadisin Abu Dawud game da mutum uku da suka fita tafiya. Ku kafa tantunanku kusa da juna, sama da iyakar da ruwa yake kaiwa idan ya cika, kuma kada kowa ya tafi iyo ko shiga daji shi kaɗai. In kun sauka ku karanta addu'ar sauka a masauki wadda Muslim ya ruwaito daga Khaula bint Hakim (R.A). Ku kashe wuta kafin barci, domin umarnin Annabi (S.A.W) ne. Kada hirar dare ta cinye muku sallar Asuba. Ranar tashi ku kwashe ledoji da gwangwanaye ku fita da su.

Allah Ya kai ku lafiya, Ya dawo da ku lafiya, Ya ba ku ilimi mai amfani.

Wallahu a'alam.