Man Dizal Daga Iskar Gas: Fasaharsa da Makomar Kasuwarsa

Ba daga ɗanyen mai kaɗai ake samun dizal ba. A shekarar 1925 masanan Jamus biyu, Franz Fischer da Hans Tropsch, suka fito da hanyar haɗa mai daga kwal, daga baya aka yi amfani da ita ga iskar gas. Ana fara mayar da gas ɗin cakuɗen haidurojin da kabon monoksaid, sannan a bi da shi ta kan ƙarfe ko kobalt cikin zafi. Abin da ke fitowa shi ne dizal mai ƙarancin farar wuta, da nafta da kakin da masana'antun sinadarai ke buƙata, da ruwa mai yawa da ake tacewa a sake amfani da shi.

Kamfanin Sasol na Afirka ta Kudu ya soma wannan sana'a a 1955. A ƙasarmu, masana'antar Escravos da ke Jihar Delta ta fara aiki a 2014, da ƙarfin samar da ganga kimanin 33,000 a kullum.

Babban cikas shi ne tsada. Ginin Escravos ya ci kusan dala biliyan 10, kuma riba ba ta samuwa sai gas ya yi araha, ɗanyen mai ya yi tsada. A 2017 Sasol ya sanar da daina gina sababbin masana'antu irin wannan.

Don haka muna shawartar masu zuba jari da ke sa rai da bututun gas na Ajaokuta-Kaduna-Kano, wanda aka ƙaddamar da aikinsa a 2020, su fara duba takin zamani da wutar lantarki.