Daga Inuwa Zuwa Ƙarfe: Tarihin Agogo a Ƙasar Hausa

Kafin Bahaushe ya ɗaura agogo, ya san lokaci. Ya raba yininsa gida-gida: asuba, hantsi, walaha, azahar, la'asar, magariba da lisha. Ladan kan auna inuwarsa da tafin ƙafa kafin ya kira salla, manomi kuwa ya dubi Gamzaki ya san gari ya kusa wayewa. Ilimin bai tsaya ga na baka ba. Malam Muhammadu al-Katsinawi, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741, ya yi rubuce-rubuce kan lissafi da taurari. Haka nan da Bature Clapperton ya isa Sakkwato a 1824 ya nuna wa Sarkin Musulmi Muhammadu Bello taswirar sama, sai ya tarar Sarkin ya san buruji da taurari da yawa da sunayensu na Larabci. Ashe abin da agogo ya kawo mana shi ne sabuwar hanyar ƙidaya lokacin da muka riga muka sani.

A Turai aka ƙera na'urar. Wajen 1510 wani maƙeri a Nuremberg ta Jamus, Peter Henlein, ya shahara da ƙananan agogai da ake iya yawo da su. Sana'ar ta kafu a Janeba ta Suwizalan a ƙarni na 16, lokacin da malaman addini suka hana ado da gwal, maƙeran farfaru suka koma ƙirar agogo. Na aljihu ne ya daɗe yana tashe, har Yaƙin Duniya na Ɗaya (1914-1918) ya nuna wa soja cewa na hannu ya fi saurin dubawa. Hans Wilsdorf, wanda ya kafa kamfaninsa a Landan a 1905, ya fito da Rolex Oyster mai hana ruwa shiga a 1926.

Hanyar da agogo ya biyo zuwa gare mu tana nan cikin harshenmu. Kalmar "agogo" daga Yarbanci take, inda take nufin ƙararrawa, alamar cewa ta kudu kayan ya hauro. "Sa'a" da "daƙiƙa" na Larabawa ne, "awa" da "minti" na Turawa. Amma "ƙarfe" namu ne, domin a bariki ƙarfe ake bugawa a sanar da awa, har "ƙarfe biyu" ya zama sunan lokaci. Da dogo ya iso Kano a 1911, jirgi ya koya wa fatake cewa shi ba ya jiran kowa. Makaranta ta ɗora da ƙararrawarta, rediyo ya cike, musamman bayan buɗe Sashen Hausa na BBC a 1957, inda mai agogo kan saita nasa da lokacin labarai.

A garuruwa irin namu Tafashiya, a ƙasar Kankiya, agogo ya yawaita ne ta hannun alhazai da 'yan cirani. Shekarun 1970, zamanin kuɗin fetur, aikin hajji ta jirgin sama ya yi sauƙi, Seiko 5 da Rado da Orient suka shiga sahun tsarabar Makka tare da dabino da zamzam. Seiko 5, wanda ya fito a 1963, motsin hannu ke yi masa wani, don haka ya dace da ƙauyen da batir ke wuya. Daga nan sana'ar gyara ta tsiro: mutum da ɗan akwatinsa na gilashi a bakin kasuwa, madubi maƙale a ido, yana tsintar ƙusa ƙanƙanuwa kamar ƙwayar gero.

Japan ce ta karya wannan sana'a ba da niyya ba. A ranar 25 ga Disamba 1969 Seiko ya fitar da Astron, agogon hannu na batir mai aiki da ƙwayar dutse. Cikin shekara ashirin ma'aikatan agogo a Suwizalan suka ragu daga kimanin 90,000 zuwa kusan 30,000. Casio mai araha ya cika kasuwanninmu, wayar hannu ta zo ta ƙarasa.

Abin mamaki, faɗuwar nan ce ta ɗaga darajar tsohon agogo a wajen masu tarawa. A 2014 an yi gwanjon Patek Philippe na Henry Graves a Janeba kan dala miliyan 24. A 2017 Rolex ɗin ɗan wasan fim Paul Newman ya kai dala miliyan 17.8, alhali na baƙin ƙarfe ne. Labarin mai shi da rubutun da matarsa ta sa aka zana a bayansa aka saya.

A nan nake ganin hasararmu take. Agogon kakanninmu ba zai yi kuɗin Rolex ba, amma shaida ce ta shekarar da aka sauke farali, da damina mai albarka da ta biya kujera. Yau ana rabon gado a bar shi a ƙasan adaka, ko 'yan jari-bola su saye shi da kuɗin alewa, masu gyaran da suka san cikinsa kuma suna tsufa babu almajirai. Ina kira ga ɗaliban tarihi su tambayi dattawa tun suna raye: wa ya kawo agogon nan, daga ina, a wace shekara? A rubuta amsar, a ajiye ta tare da agogon.