Shin Sai Da Digiri Ake Zama Matuƙin Jirgin Sama?

Muna sanar da iyaye da ɗalibai na Maska da kewayen Funtuwa cewa digirin jami'a ba sharaɗi ba ne wajen samun lasisin tuƙa jirgin sama a Nijeriya. Kwalejin koyon tuƙin jirgin sama ta Zariya, wadda aka kafa a 1964, tana karɓar wanda ya kammala sakandare da kiredit biyar, ciki har da Turanci, Lissafi da Fiziks. Wajibi ne likita ya tabbatar da lafiyar idanunsa, kunnuwansa da zuciyarsa. Lasisin tuƙa jirgin haya kuwa sai ya cika shekara 18. Babban cikas shi ne kuɗin horo, wanda yakan kai miliyoyin naira. Saboda haka muna shawartar iyaye su nemi tallafin karatu tun da wuri.