Kasuwar da ke Bayan Zaure: Me Ya Sa Matan Ƙasar Hausa Suke Kafa Sana'ar Kansu?

Idan ka san Gude, ko wani gari na ƙasar Kabo da Gwarzo, ka san ba sai ranar kasuwa ake samun ƙosai, man gyaɗa, daddawa ko fura ba. Yaro za ka aika gidan wance ya sayo. Wasu na ɗauka talauci ne kaɗai ya jefa mata cikin wannan harka, wasu kuma suna ganin shirye-shiryen tallafi na zamani ne suka koya musu. Tarihi ya nuna abin ya fi haka zurfi.

Mu fara da zare. Lokacin da Bajamushen nan Heinrich Barth ya iso Kano a 1851, ya tarar tufafin da ake saƙawa da rinawa a ƙasar suna kaiwa har Tumbuktu. Saƙar fari da rini aikin maza ne, amma zaren da ake saƙar da shi mata ne ke kaɗa shi da mazari a cikin gida, su sayar, kuɗin ya zama nasu.

Sai batun kulle. A ƙarni na 19, bayi mata na cikin masu aikin gona a rinji. Turawan Ingila sun yi doka cewa duk wanda aka haifa daga Afrilun 1901 ɗa ne, sannan aka soke bauta gaba ɗaya a Arewa a 1936. Masani M. G. Smith yana ganin matan da suka samu 'yanci sun janye daga gona don nuna cewa su ma 'ya'ya ne, kuma hakan na cikin abin da ya yaɗa kulle har ƙauyuka. Barin gona bai zama barin nema ba, cikin gida neman ya koma. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya bunƙasa daga 1912, kuma matsar mai da yin ƙuliƙuli suna hannun mata. Ko da zaren masana'anta ya kashe kasuwar kaɗi, sana'ar abinci ta ci gaba.

A 1969, Polly Hill, wadda ta yi bincike a Batagarawa kusa da Katsina, ta wallafa maƙala a kan abin da ta kira ɓoyayyen ciniki. Ta nuna cewa hatsi da dafaffen abinci masu yawa suna sauya hannu daga gida zuwa gida, ta hanyar mata da yara, ba tare da sun taka kasuwa ba.

To, tunda ci da sha da sutura a wuyan miji suke, me mace take nema? Amsar tana cikin tambayar. A shari'ar Musulunci dukiyar mace tata ce, miji ba shi da iko a kanta, shi ya sa za ka ga maigida ya sayi abu a hannun matarsa ya biya. Sannan akwai nauyin da al'ada ta ɗora mata ita kanta. Akwai kayan ɗakin 'yarta, wanda uwa kan fara tarawa tun yarinya tana ƙarama. Akwai biki, wato gudummawar da ƙawa ta kawo miki ranar suna, wadda dole ki rama idan nata ya zo. Akwai zubin adashe. Akwai kuma tanadin ranar da ba a fata, kamar saki, takaba ko shekarar fari. Akuyar da ke ɗaure a tsakar gida asusu ce.

Amma wannan kasuwa tana da farashi, kuma yara ne suka fi biyansa. Matar da ba ta fita, da ƙafar 'yarta take kai kaya ga mai saye. Enid Schildkrout, wadda ta yi nazari a birnin Kano a shekarun 1970, ta lura cewa shirin ilimin firamare na bai-ɗaya da aka fara a 1976 ya taɓa cinikin matan kulle kai tsaye, domin idan 'yar talla ta tafi aji, faranti ya zauna.

Har gobe wannan ƙulli yana nan. Wa'azi a kan illar talla ba zai wadatar ba muddin ba a amsa tambayar uwar ba: wa zai kai mini kayana? Waya ta fara ba da amsa, mace tana tallata kaya a WhatsApp, a turo kuɗi ta banki, ɗan acaɓa ya kai. Sai dai wannan ya fi yi wa mai atamfa da turare aiki, ban da mai ƙosan naira ɗari. Duk mai son ganin yarinya a makaranta, sai ya fara nemo wa mahaifiyarta wata hanyar kaiwa ga mai saye.