Da me za ka riƙe ta? Tarihin sharaɗin kuɗi ga mai son ɗauko matarshi zuwa ƙasar waje



Makon jiya a cikin shirin dare wata dattijuwa ta bugo waya daga wani ƙauye na bakin Gulbin Kaba. Shekara huɗu ke nan da ɗaura auren ɗiyarta, mijin yana Faransa, yana aiko kuɗin cefane duk wata, amma har yau yarinya tana ɗakin uwarta. Ta ce mani: "Ɗana, ka hwaɗa mani gaskiya. Yaron nan gudunta yake yi, ko kuwa da gaske takardu ne sunka hana?" Na ce mata: "Inna, minti biyu na waya ba su isa wanga zance ba, amma na yi maki alkawari zan bi shi tun daga tushe." To ga cika alkawari.

A wajenmu, idan saurayi ya aiko neman aure, abin da magabata ke fara tambaya shi ne: ɗan wane ne, kuma mece ce sana'arshi? Shari'a ta ɗora wa miji ci da sha, sutura da wurin kwana, shi ya sa waliyyi ke bincike kafin ya amsa. Tambayar ita ce "da me zai riƙe ta?" Yau gwamnatocin Turai, Amurka da Saudiyya wannan tambayar suke yi wa ɗan ci-rani, sai dai su ba su karɓar shaidar baki. Lissafi suke so a rubuce, kuma akwai tarihin yadda aka kai ga haka.

Kakanninmu ba su san wannan ba. Da an gama girbi, mutum ya ɗaure kayanshi ya nufi Katsina ko Kano cin rani. In wuri ya karɓe shi, sai ya dawo ya ɗauki iyali. Turawan Faransa da na Ingila sun shata iyaka tsakanin 1906 da 1908, amma hakan bai hana a kai amarya daga ƙasar Tasawa zuwa Daura ba. Masu tafiya Makka a ƙasa ma da matansu da ƴaƴansu suke bi ta Cadi zuwa Sudan, wasu har suka zaune can. Bayan an kafa CEDEAO a Legas a 1975, yarjejeniyar 1979 ta ba ɗan kowace ƙasa ta ƙungiyar damar shiga wata ba biza har kwana 90.

Dattawa suna tune da lokacin da aka fara gane cewa takarda tana da ƙarfi. A Janairun 1983 gwamnatin Shehu Shagari ta kori baƙin da ba su da takardun zama, ƴan Nijar da yawa suka dawo da kaya a ka. A Afirilun 1984 gwamnatin Buhari ta rufe iyaka, abin ya haɗu da fari, har mutanenmu suka raɗa wa yunwar wannan lokaci suna El Buhari. Sai a Maris ɗin 1986 aka buɗe. Duk da haka, ko a wancan zamani ba wanda ya tsare magidanci a Jibiya ko Ɗan Isa ya ce ya nuna takardar albashi kafin matarshi ta wuce. Wannan sharaɗi daga wata duniya ya zo.

Mu ɗauki Faransa, tunda can surukin Inna yake. Bayan samun ƴancin kai a 1960, mutanen ƙasashen da Faransa ta mulka suna shiga can ba biza. Masana'antu suna neman ƙarfi, maza suka tafi su kaɗai, akasarinsu daga Mali, Senegal da Muritaniya. Mutum ya yi ƴan shekaru ya dawo gida, ƙanenshi ya je ya maye gurbinshi. A Yulin 1974, bayan tashin farashin man fetur, gwamnatin Valéry Giscard d'Estaing ta dakatar da shigowar sababbin ma'aikata. Wanda ke ciki ya ga in ya fita ba lalle ya sake shiga ba, don haka ya zauna, ya fara neman matarshi ta zo ta same shi.

Daga nan aka fara lissafi. Kudurin gwamnati na 29 ga Afirilu 1976, lokacin Jacques Chirac yana firaminista, ya amince baƙo ya ɗauko matarshi da ƙananan ƴaƴanshi, abin da suke kira regroupement familial, wato haɗa iyali. Amma sai ya cika shekara guda yana zaune bisa ƙa'ida, yana da abin shiga tsayayye da zai riƙe iyalin, yana kuma da gidan da ya dace. A Nuwamban 1977 gwamnati ta so ta toshe ƙofar na tsawon shekara uku, in ban da iyalan da suka yarda ba za su nemi aiki ba. Ƙungiyar GISTI mai kare baƙi da ƙungiyoyin ƙwadago suka kai ƙara, kuma ranar 8 ga Disamba 1978 kotun Conseil d'État ta soke matakin, ta ce baƙon da ke zaune bisa doka yana da haƙƙin zama da iyalinshi kamar kowa.

Tunda kotu ta hana a rufe ƙofar, sai aka koma ƙara mata nauyi. A 1986 aka ɗora wa mutanenmu biza. Dokar Pasqua ta Agustan 1993 ta kai jiran zuwa shekara biyu, ta kuma hana mai mata fiye da ɗaya ya kawo ta biyu, wanda ya yi haka ana iya karɓe katin zamanshi. A 1998 aka mayar da jiran shekara guda, a 2006 dokar Sarkozy ta mai da shi wata 18. Dokar 2007 kuma ta ce kuɗin da ake nema ya riƙa hawa da yawan iyali. A Disamban 2023 majalisa ta so ta sake kai jiran wata 24, a Janairun 2024 kotun tsarin mulki ta cire wannan sashe.

Ga yadda tsarin yake aiki. Miji ne zai shigar da takardu a ofishin OFII can Faransa. Ana duba abin da ya samu cikin wata 12 da suka wuce, a raba, a ga ko ya kai SMIC, wato mafi ƙarancin albashi. In iyalin mutum biyu ne ko uku, SMIC guda ya isa. In huɗu ne ko biyar, a ƙara kashi ɗaya cikin goma. Daga shida zuwa sama, a ƙara kashi ɗaya cikin biyar. Tallafin yara da gwamnati ke bayarwa ba ya shiga lissafi. A ƙarshen 2024 SMIC ya ɗan haura yuro 1,800 a wata kafin a cire abin cirewa, wato wajen miliyan ɗaya da jika 180 na sefa. Mu da mafi ƙarancin albashinmu ya koma jika 42 a Janairun 2024 muna jin wannan kamar dukiya, amma haya kaɗai a birnin Pari tana iya cinye rabinshi.

Gida ma da ma'auni. Miji da mata su biyu sai da murabba'in mita 22 zuwa 28, gwargwadon yankin, kowane yaro kuma a ƙara mita 10. Gado a gidan ma'aikata inda maza ke cunkushe ba ya shiga lissafi. Magajin gari zai tura a duba, prefe ya yanke hukunci, doka ta ba shi wata shida, sannan matar ta nemi biza. Kuma dole ta cika shekara 18. Wanda ya riga ya zama ɗan ƙasar Faransa ba a yi mashi wannan lissafin albashi, amma sai hukumominsu sun rubuta auren a rajistarsu.

Amurka ta daɗe da fara wannan tunani. Tun 1882 dokarsu ta hana shigowar wanda ake ganin zai zama nauyi a kan jama'a. Dokar 1965 da Lyndon Johnson ya sa wa hannu ta ba dangi fifiko wajen shiga. An daɗe ana rubuta takardar alkawarin ɗaukar nauyi, amma kotuna ba su ɗauke ta a matsayin bashi ba, sai da dokar 1996 ta zamanin Bill Clinton ta mai da ita yarjejeniyar da ake iya kai mutum ƙara a kanta. Ita ce takardar I-864, wadda ta fara aiki a Disamban 1997. Mai ɗauko mata zai nuna cewa abin da yake samu a shekara ya kai kashi 125 cikin 100 na ma'aunin talauci na ƙasar. A 2024, ga mutum biyu, dalar Amurka 25,550 ke nan, kuma kar a rikita ta da dalarmu ta kasuwa: wajen miliyan 15 ne na sefa. In bai kai ba, yana iya kawo wani mai hali ya sa hannu tare da shi. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne saki ba ya warware wannan alkawari. Nauyin yana kanshi har matar ta zama ƴar ƙasa, ko ta tara aikin wajen shekara goma, ko ta bar ƙasar gaba ɗaya, ko ɗayansu ya rasu. Mu da muka saba nauyin ciyarwa yana sauka da ƙarewar idda, sai mu lura da wannan.

Ingila ta shigo sahu a Yulin 2012, lokacin Theresa May tana ministar cikin gida, da sharaɗin fam 18,600 a shekara, a Afirilun 2024 aka kai shi fam 29,000. A Saudiyya kuwa, inda mutanenmu suka fi sani, shi kanshi ma'aikacin a hannun kafili yake, kuma izinin zama da iyali ya danganta da sana'ar da aka rubuta a iƙamarshi. Daga Yulin 2017 aka ɗora kuɗin wata a kan kowane mutum da ke ƙarƙashin baƙo, aka fara da riyal 100, ya hau har 400 a 2020. Magidanta da dama daga ƙasashe daban-daban sun mayar da iyalansu gida saboda shi.

To Inna, ga amsarki. Ban san zuciyar surukinki ba, Allah kaɗai ya sani, amma shekara huɗu ba ta isa hujjar cewa gudu yake ba. Wata 18 ɗin nan ba daga ranar da ya sauka ake ƙirga su ba, daga ranar da ya samu takardar zama ne. In ya yi shekara biyar a ɓoye, a wajen hukuma kamar bai yi ko kwana ɗaya ba. In aikin da yake yi ba a ba shi takardar albashi, ko miliyan yake samu ba a gani. Kuɗin da yake aiko maku ma ba su zama shaida. Ƙari a kan haka, ofishin jakadancin Faransa a Yamai ya rufe tun Janairun 2024, neman biza ya koma sai an tsallaka wata ƙasa, ga kuɗin mota ga na masauki.

Amma kina da haƙƙin tambaya, kuma tambayoyin ba su da wuya. Wane irin katin zama gare shi, tun yaushe? Yana da takardun albashi na wata 12? Ɗakin da yake ciki nashi ne shi kaɗai? Ya shigar da takardun, an ba shi shaidar karɓa? Wanda ya shigar yana da takarda a hannu, hotonta kawai zai turo ta WhatsApp. Wanda ya fara kame-kame a kan waɗannan huɗu, to a zauna da magabatanshi.

Akwai kuma aikin da ya rage namu nan gida. Auren da aka ɗaura a masallaci da goro da shaidu aure ne cikakke a wajenmu, amma ofishin jakadanci takardar meri yake so. A je a rubuta auren a ma'aikatar magajin gari da wuri, don in wa'adi ya wuce sai an bi ta gidan shari'a. A duba sunan yarinya da ranar haihuwarta su zama iri ɗaya a takardar haihuwa, ta aure da fasfo. Harafi ɗaya tsakanin Hadiza da Hadizatou yana iya mayar da takardu baya da watanni. Kuma a kiyayi dillalan da ke cewa za su haɗa takardar albashi ko su ƙara wa yarinya shekaru. In aka gano, kuɗin sun tafi, ƙofar kuma ta ƙara rufewa.

Ku kuma samarinmu da ke waje, ku ji tsoron Allah ku faɗi gaskiya tun ranar neman aure. In ka san ba ka da takardu, ka ce ba ka da su, iyaye su yanke shawara da idonsu buɗe. Ɗiyar mutane da aka ce mata "nan da wata shida" ta shekara huɗu tana jira, ƙawayenta suna goyo, gari yana tsegumi, an cuce ta ko da ana aiko mata kuɗi. Malamanmu na Malikiyya sun daɗe da bayyana cewa matar da doguwar rashin miji ta cutar tana da damar kai kukanta gaban alƙali.

Iyaye, tambayar kakanninmu tana nan daram, sai dai yanzu ku ƙara mata ɗaya: a ina zai riƙe ta, kuma yaushe? A yi wannan magana a zaure kafin a raba goro.

Inna, in jikokinki sun karanta maki wannan, ki sake bugo mu ranar shiri, mu ji abin da yaron ya ce. Allah ya haɗa kowace mata da mijinta cikin alheri, ya ba mu damina mai albarka.