Kanikanci a Keffi Daga Zamanin Lori Zuwa Zamanin Na'ura

Garin Keffi, wanda Abdu Zanga ya kafa a farkon ƙarni na 19 a ƙarƙashin ikon Zazzau, ya girma ne a matsayin zango a kan hanyar fatake da ta taso daga Kano da Zariya, ta gangara ta Nasarawa har zuwa Loko a bakin kogin Binuwai, kuma ta wannan hanya ce matafiyin nan Bajamushe, Gerhard Rohlfs, ya ratsa garin a 1867. Da Turawa suka shimfiɗa layin dogo na gabas, wanda ya haɗe da Kafanchan a 1927, aka kuma buɗe masa gadar Makurdi a 1932, sai layin ya bi ta Lafiya da Gudi ya bar Keffi a gefe. Wannan ya sa abin da ya gaji jaki da ɗan dako a Keffi shi ne lori, domin duk kayan da za su kai ga jirgin ƙasa, ko waɗanda jirgin ya sauke, sai sun bi titi kafin su isa inda za su. Daga nan tarihin kanikanci a garin ya faro, kuma tarihi ne na sana'ar da kullum take karɓar injin da aka ƙera a wata ƙasa, domin wani yanayi dabam, ta kuma nemi hanyar raya shi da abin da ke hannu.

A shekarun farko ba a rarrabe direba da bakanike sosai ba, saboda wanda ya ɗauki lori a kan hanyar ƙasa, wadda damina kan yanke, ba shi da wanda zai kira idan mota ta tsaya masa a daji, sai shi da karen motarsa, wato yaron da ke ɗora kaya, yana sa wa taya waigi a kan gangara, yana kuma koyon tuƙi da gyara a lokaci guda. Ilimin da aka tsara, irin na ma'aikata, yana wuraren gyara na Hukumar Ayyuka ta gwamnatin mulkin mallaka da na En'e, da kuma na manyan kamfanonin ciniki irin su UAC da John Holt a manyan birane, kuma daga waɗannan wurare ne ya riƙa tsiyayowa zuwa ƙananan garuruwa ta hannun mutanen da suka bar aiki suka buɗe nasu. Da yawa daga cikin ƙwararrun farko a Arewa mutanen Kudu ne, Yarabawa da Ibo, kuma ficewar Ibo daga Arewa a rikicin 1966 ta bar giɓin da ya tilasta wa yaran gida hawa matsayin iyayen gidansu tun kafin su gama koyo. Akwai kuma wasu masu sana'a da ba a cika ambata ba a wannan tarihi, su ne maƙera da kafintoci, domin kafinta ne ke gina bodin katako a bayan lori, maƙeri kuwa shi ke dukan ƙarfen sifirin da ya karye ko ya lanƙwashe, abin da ya sa gareji a ƙasar Hausa ya tashi da ƙafa ɗaya a cikin maƙera.

Sai dai kanikanci ya bambanta da ƙira da jima da fawa ta wata fuska mai muhimmanci, wato ba sana'ar gado ba ce, ba ta kuma da sarauta a fada irin ta Sarkin Maƙera tun asali. Uba ne ke kai ɗansa wurin maigidan gareji, wanda yaran ke kira oga, a yi yarjejeniya ta baki a gaban shaidu, yaro ya fara da wanke ƙarafa da fetur da miƙa sufana, ya shekara kafin a bar shi ya kwance taya da birki shi kaɗai, sannan a hankali ya kai ga buɗe inji. Bayan wasu shekaru, waɗanda yawansu ya danganta da ƙoƙarin yaro da adalcin maigida, sai a yaye shi a wani ɗan biki da kanikawa ke kira firidom, a yi masa addu'a, wani lokaci a haɗa masa kayan aiki. Wannan tsari ya buɗe ƙofa ga 'ya'yan manoma da almajirai da waɗanda boko bai karɓa ba, kuma a gari irin Keffi, inda Hausawa da Fulani da Gwandara da Gbagyi da Eggon da baƙi daga Kudu suke cuɗanya, gareji na cikin wuraren da ba a tambayar asalin mutum kafin a miƙa masa sukundireba. Rauninsa shi ne cewa ilimin bai taɓa shiga takarda ba, yana kunne da hannu ne kawai, don haka abin da oga ya sani daidai da abin da ya fahimta a karkace duka tare suke wucewa zuwa ga yaransa.

Shekarun 1970 su ne suka mayar da mota abin mallakar ma'aikaci. A ranar 2 ga Afrilu 1972 Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama, abin da ya rage farin jinin motocin Ingila masu sitiyari a dama, sannan kuɗin ƙarin albashi na Udoji ya shiga aljihun ma'aikata a daidai lokacin da masana'antar Peugeot ta fara harhaɗa motoci a Kaduna a 1975, Volkswagen kuma a Legas. Motar 504, wadda Hausawa ke kira Fijo, ta zama motar gwamnati, ta malamin makaranta mai rancen mota, ta kuma ɗan tasha, kuma wannan haɗuwa a kan mota guda ta yi wa kanikanci wani alheri da ba a sake samun irinsa ba. Inji iri ɗaya ne ke shigowa gareji safe da yamma, kayan gyaransa sababbi ne daga dillalai sanannu, kuma injin yana aiki da kafireta, wato na'urar da ke gauraya fetur da iska ta hanyar ƙananan ramuka da ake iya daidaitawa da hannu. Bakanike mai kunne yakan saurari ƙarar inji ya faɗi ko fulogi ne, ko wuta ce ta yi gaba, ko ringi ya gaji, kuma galibi yakan dace. Mafi yawan shawarwarin da masu mota ke maimaitawa har yau, kamar ɗumama inji da safe na tsawon lokaci, da zuba baƙin mai mai kauri, da cika lagireto da ruwan rijiya, a wannan zamani aka kafa su, kuma a kan wannan mota aka gwada su.

Abubuwa biyu suka rushe wannan tsari kusan a tare. Na farko shi ne shirin tsuke bakin aljihu na gwamnatin Babangida a 1986, wanda ya karya darajar naira har sabuwar mota ta fi ƙarfin ma'aikaci, sai kasuwa ta koma ga motocin hannu daga Turai, waɗanda ake kira tokumbo ko 'yan Beljiyam, da ake saukewa a Legas ko a Kwatano a shigo da su ta kan iyaka. Na biyu shi ne Abuja, wadda aka zartar da dokar kafa ta a 1976, gwamnati kuma ta tare a cikinta a ranar 12 ga Disamba 1991, a tazarar da ba ta wuce kilomita 50 da 'yan kai daga Keffi ba. Tsadar haya a birnin, da rusau na shekarun 2003 zuwa 2007, suka tura dubban ma'aikata zuwa Mararaba da Masaka da sauran garuruwan da ke jere a kan hanyar Keffi, sannan ƙirƙiro Jihar Nasarawa a 1996 da buɗe jami'ar jihar a Keffi a farkon shekarun 2000 suka ƙaro wa garin malamai da ɗalibai da 'yan kasuwa. Titin da a da lori ke bi jefi-jefi ya zama hanyar da ƙananan motocin haya irin su Golf da Sharan ke kai da komowa sau da yawa a yini, ɗauke da fasinja fiye da abin da aka ƙera su dominsa, kuma irin wannan aiki shi ke cin kuloci da birki da ƙafar mota.

Da zuwan tokumbo tambayar mai mota ta canza. A da yana tambayar yadda zai kula da motar da ya san ranar da ta fito daga kamfani, yanzu kuwa yana tambayar abin da ya faru da ita kafin ta zo hannunsa, ko ta taɓa haɗari, ko ruwa ya taɓa cinye ta a Amurka aka sayar da ita a gwanjo, ko an mayar da lissafin tafiyarta baya. Saboda haka bakanike ya sami sabon aiki na ɗan rakiya da mashaidi, shi ake ɗauka zuwa wurin dillali ya duba inji da bodi, shi kuma ake aika wa da kuɗi ya sayo kayan gyara a Apo ko Zuba, ko a yi odarsu daga Ladipo a Legas, Panteka a Kaduna ko Ƙofar Ruwa a Kano. Kayan kansu sun kasu, akwai sabo na asali mai tsada, akwai sabo na kwaikwayo mai araha wanda ba ya daɗewa, akwai kuma na Beljiyam da aka ciro daga wata motar, wanda mutane da yawa suka fi amincewa da shi a kan sabon da ba su san asalinsa ba. Mai mota ba ya iya bambance su da ido, don haka duk cinikin ya rataya a kan amana, kuma mafi yawan saɓanin da ke kaiwa gaban shugabannin ƙungiyar kanikawa ta NATA daga wannan gaɓa yake tasowa. Sana'ar ta kuma rarrabu, aka sami mai gyaran motocin Japan da mai gyaran na Jamus, da riwaya mai aikin wayoyi, da fanabita mai gyaran bodi, da mai walda da mai faci, kowa da rumfarsa a fili guda.

Matsala mafi nauyi ita ce motocin da suka biyo baya ba sa jin yaren da aka koya a kan Fijo. Injekta ta maye gurbin kafireta, kuma wata ƙaramar kwamfuta, wadda kanikawa ke kira birenbos, ita ke auna iska da zafi ta yanke yawan fetur ɗin da zai shiga inji, sannan tun daga 1996 motocin da aka ƙera domin kasuwar Amurka suna ɗauke da wata kafa da ake jona na'urar bincike ta karanto lambar laifin da motar ta adana. A irin wannan inji, tsohuwar dabarar cire tamostat, wato ƙaramin murfin da ke tsare ruwa har inji ya kai zafin aikinsa, tana sa kwamfutar ta ɗauka injin bai ɗumama ba, sai ta ci gaba da zuba fetur fiye da kima. Baƙin mai mai kauri na 20W-50, wanda ya dace da 504, yana jinkirin isa ƙananan hanyoyin injin da aka tsara wa 5W-30 ko abin da ya fi shi tsinkewa, ruwan rijiya kuma yana sa tsatsa da ƙanzo a inda ruwan sanyaya inji na musamman zai hana. Haka nan cire matacin hayaƙin da ke cikin salansa, wanda ake kira indomi, da ake yi saboda ƙarafa masu tsada da ke cikinsa, yakan kunna fitilar gargaɗi, wasu kuma maimakon gyara sai su kashe fitilar. Ba daidai ba ne a ɗora wannan duka a kan bakanike, domin babu wanda ya sake koyar da shi lokacin da injin ya canza, kuma mai motar da ke neman gyaran da ya fi araha a yau yana da nasa kason.

Hukuma ta shigo wannan fage ne ta ƙofar titi. An kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa a 1988, kuma daga cikin abin da ta yaɗa har ya shiga bakin masu faci akwai karanta shekarun taya, wato lambobi huɗu da ke gefenta, biyun farko suna nuna mako, biyun ƙarshe shekarar da aka ƙera ta, abin da ya tona asirin tayoyin Beljiyam masu kyan gani waɗanda robarsu ta riga ta bushe. Hana shigo da motoci ta kan iyakokin ƙasa daga Janairun 2017, da faɗuwar naira, sun sa tokumbo ma ta fi ƙarfin mutane da yawa, sai aka koma ga motar da ta riga ta yi hannu biyu ko uku a cikin gida, wadda ke buƙatar gareji fiye da kowace. Cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayu 2023 ya mayar da shan mai tambaya ta farko da mai mota ke yi, ya kuma kawo maganar mayar da inji ya yi aiki da iskar gas, aikin da ke buƙatar tukunya mai jure matsi da horo na musamman, ba walda ta gefen titi ba. A garejojin da ke kan hanyar Abuja da ta Akwanga yanzu ana iya ganin oga mai shekara sittin yana kasa kunne ga inji, yaronsa kuma yana tsaye da na'urar bincike da wayar hannu yana neman ma'anar lambar da ta fito, kuma sau da yawa sai an haɗa abin da su biyun suka gano kafin a san ƙarfen da za a kwance.