Baƙon malami daga ƙasar waje: me ke wuyan sashen jami'a?

Baƙon malami shi ne masanin da ya taso daga jami'ar wata ƙasa, ya sauka a wani sashe na jami'ar nan na 'yan watanni ko shekara, don bincike ko koyarwa. Sashen da ya gayyato shi ne mai masaukinsa, kamar dai mai gida da falken da ya sauke shanu a kara: in abu ya ɓaci, mai gida za a nema.

Aikin na farawa tun baƙon bai hau jirgi ba. Sashe ne ke fitar da takardar gayyata, wadda da ita ake neman biza, a kuma tuna masa da katin rigakafin cutar shawara. In zaman zai yi tsawo, sai ya samu katin zama na Hukumar Shige da Fice, wato CERPAC. Sai masauki, ofis, izinin shiga laburare, da malami ɗaya mai kula da shi.

Inda abin ya shafe mu shi ne bincike cikin unguwa. Abner Cohen ya yi nasa a unguwar Sabo ta Ibadan a 1962 da 1963, kan cinikin shanu da goro, littafin ya fito a 1969. Har yau irinsa na zuwa. Haƙƙin sashe ne ya ga kwamitin ɗa'ar bincike ya amince, a kai baƙon gaban Sarkin Hausawa, a biya tafinta haƙƙinsa, kuma kar a naɗi muryar kowa sai da yardarsa. Wanda duk aka tare da tambayoyi a kara, yana da damar ya ce a nuna masa takardar jami'a tukuna.